Kalandar Goggo: kayen da nake bin itatuwa da shi

20 Oktoba 2024

Yau na sayi sabon kaye mai shafi 200 da bik biyu, ja da shuɗi, na rubuta "itatuwa" a bangonsa. Bari in fara da abin da ya jawo aikin tun kafin in manta yadda aka yi.

Bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, da aka yi addu'ar arba'in muka buɗe akwatinta, a ƙasan zannuwa cikin wata leda na samu takardar haihuwarta, wadda aka yi mata tana babba lokacin da za'a yi mata katin dantite. Gurin ranar haihuwa an rubuta "née vers 1957", wato an haife ta wajejen 1957, ba rana ba wata. Duk wanda ya tashi a nan Garwa ta arewacin Kamaru ya san irin takardar nan, tsofaffinmu da yawa haka tasu take, a dubi fuskar mutum a yanke masa shekara shikenan. Wallahi abin ya tsaya min a rai, matar da ta san ranar da kowannenmu ya fara haƙori ita kuma nata lissafin "wajejen" ne.

Na ɗauki takardar naje gun Goggo. Ƙanwar kakana ce wanda ya haifi Inna, ita ce autar ɗakinsu shi yasa ba ta girmi Inna da yawa ba, kuma duk gida Goggo muke ce mata don haka muka ji Inna na kiranta. Na karanta mata, ta yi shiru sannan tace "maigida, wannan lissafin masu biro ne. Uwarka da azumi aka haife ta, azumi ya raba, ɗorawa ta sako tuntu ja wur, ina gindinta ni da ƙawayena muna tsotsar zaƙin furen don lokacin azumin rabin wuni nake, aka aiko yaro wai in zo gida an haihu. Kuma sunan Ahijo ya cika gari a lokacin." Ahmadu Ahijo take nufi, shugaban Kamaru na farko. Daga nan ta ɗauko sauran ɗaya bayan ɗaya, Kawu ana noman farko ranar da rana ta yi zazzaɓi, ni shamuwa na jidar kara, ƙanwata 'ya'yan gawo na zuba awaki na rububi. Kowa da itacensa ko tsuntsunsa.

Da dare na kasa barci ina juya maganar. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, ta rana 365, kenan azumi yana ja da baya da kwana 11 duk shekara, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya dawo inda ya taso. Ɗorawa kuma ba ruwanta da wata, rani take bi. To in aka san lokacin da ɗorawa ke fure a ƙasarmu, aka san shekarun da tsakiyar azumi ya faɗo a wannan lokacin, ai an kusa kama shekarar. Matsalar ita ce ni malamin lakwal da ke koya wa yara lissafi kullum, in ka tambaye ni wane sati ɗorawa ke fure ban sani ba. Zan ce da rani, shikenan.

Don haka zan bi itatuwa shekara guda ina rubutawa, ba ɗorawa kaɗai ba, duk wanda Goggo ke ƙirga da shi. Na zaɓi gawo biyu a gonar wani abokina ta hanyar Pitowa, kukar bayan makabarta, mangwaron gidanmu, dogon yaron ƙofar lakwal, rimi ɗaya, gurjiya ɗaya. Ɗorawa sai na je ƙauyen da aka haifi Inna ta hanyar Ngong, don a nan aka yi abin.

10 Nuwamba 2024

Gawo ya cika da ganye shar, kuma ya fara fure. Na tsaya a gindinsa da hantsi, furen fari-fari ne mai ɗan rawaya, dogo kamar ƙaramin buroshi, ƙamshi na tashi ƙudan zuma sun cika shi har kana jin gunjinsu daga nesa. Duk itacen da ke kewaye ya fara kaɗewa, ciyawa ta bushe ƙarangiya sai kama wando take, shi kuma yanzu ya farka. Da damina ya tsaya tsirara kamar ya mutu, shi yasa manomi baya sare shi, baya tare wa dawa rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobi su kwana a inuwarsa da rani su ƙara wani takin. Abokina ya nuna min karan dawar da ke gindinsa, sun fi na can gefe kauri da ido ma kana gani.

Goggo tace a da in gawo ya yi fure to an gama dashen muskuwari, dawar ranin nan da ake dasawa a karal, laka mai tsagewa, wadda mutanen Borno ke ce wa masakwa. Ba ruwan sama take sha ba, damshin da laka ta riƙe ne ke kai ta har girbi wajen Fabrairu. Tace kafin a tare kogin Binuwai da dam ɗin Lagdo, wanda aka gama a 1982, ruwa kan malale fadama ya ja da baya ya bar musu laka, ana dasa ta sosai a bakin kogi fiye da yanzu.

Shamuwa kam sun tafi, sheƙarsu na nan kan kuka ba kowa. Ban kama ranar da suka tashi ba, na dai farga babu su. Kaza da 'ya'yanta na fitowa ta gabas bayan magariba. Auduga ta fashe fari fat a gonakin hanya, an fara tsinka.

15 Disamba 2024

Na yi kuskure na farko. Mangwaron da ke tsakar gidanmu, wanda nake alwala a gindinsa sau biyar, ya yi fure ban ga farawarsa ba, sai da matata tace "malam baka rubuta wannan ba?" na ɗaga kai naga rassan sama duk sun yi huda. Na nesa nake ta bi da moto na bar na gida.

Saboda haka na sake tsarin kayen. Kowane itace shafi biyu, na ja layi uku, toho, fure, 'ya'ya, kuma duk Lahadi sai na rubuta wani abu ko da "ba canji" ne, don na gane in ba ka rubuta ranar da babu ba, ba za ka san ranar da ya fara ba. Ina ɗaukar foto da waya daga guri ɗaya kullum.

Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe dutsen Tengelin kwana uku ba'a ganinsa, leɓe na tsagewa, yara na zuwa lakwal da tari. Magarya da aduwa sun cika faranti a ƙofar lakwal, tsamiya sabuwa ta shigo kasuwa. Kuka ta zubar da ganye kaf sai 'ya'ya na reto.

12 Janairu 2025

Gurjiya ta yi fure, itacen nake nufi mai ƙaya a jiki ba wadda ake tonowa a ƙasa ba. Kai jama'a, ba ganye ko ɗaya, sai jan fure manya kamar an ɗora kofuna a kan rassa, cikin hazo daga nesa kamar garwashi. Ƙasan duk ya zube, wasu mata biyu na tsince suna cire gindin furen, shanya shi ake a daka a yi miya mai yauƙi. Na daɗe a gurin fiye da yadda na yi niyya. Shekara nawa ina bin hanyar nan ban taɓa tsayawa ba.

Rimi shi da dare yake nasa. Na je bayan isha'i da tocila, furen ƙanana ne fari-fari a cunkushe, warinsa ba daɗi kamar madarar da ta kwana, jemagu kuwa kamar ana biki. Su ke ɗaukar garin furen daga wannan zuwa wancan.

Amma babban abin satin nan maganar Kawu ce. Na so in gwada ƙwaƙwalwar Goggo da abin da za'a iya bincikawa, ba don ina zarginta ba, don in san nauyin da zan ɗora wa maganarta. Takardar Kawu ta ce "vers 1970". Goggo tace ranar da aka haife shi mutane na gona ana noman farko, wajen azahar rana ta dusashe kamar magariba ta gabato, kaji suka nufi akurki, aka bar fartanya aka tafi masallaci sallar kusufi. Na duba a intanet, ranar 30 ga Yuni 1973 an yi babban kusufin rana da ya ratsa Muritaniya, Mali, Nijar da Chadi, har jirgin Concorde ya bi inuwar da masana a ciki ya sauka a Njamena. Mu nan kudu da hanyarsa muke, rana ba ta rufe duka ba amma an ci kaso mai yawa. Ƙarshen Yuni kuma daidai lokacin noman farko ne a nan. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na kira Kawu yana hanyar Ngaundere da mota nace "Kawu an ƙara maka shekara 3 a takarda, ranar Asabar aka haife ka", ya yi dariya yace in bari sai ya dawo in nuna masa da idonsa.

2 Fabrairu 2025

Na je ƙauye. Ɗorawar da Goggo ke magana babu ita, wani tsoho ya nuna min inda take, yanzu gonar masara ce. Amma akwai wasu uku ba nisa, manya, na sa musu lamba 1, 2, 3 da farin fenti bayan na nemi izinin masu gonar. Sun zubar da yawancin ganye, ba fure tukuna, sai wasu ƙulalai kore a bakin dogayen tsinkaye a lamba 2. Na bar wa ɗan ƙanin Inna kuɗin kiredi ya riƙa turo min foto ta WhatsApp duk Juma'a. 'Ya'yan gawo sun fara zuba, an fara yankan muskuwari.

23 Fabrairu 2025

Lamba 2 ta buɗe, lamba 1 na biye, lamba 3 har yanzu ƙulalai. Ashe ko a gona ɗaya ba rana ɗaya suke yi ba, wannan ya rage min zumuɗi kaɗan.

Na zauna na yi lissafin azumi da teburin da ke juya shekarun Hijira. A 1957 azumi ya kama wajen 1 ga Afrilu, a 1958 wajen 21 ga Maris, a 1959 wajen 11 ga Maris, a 1960 ƙarshen Fabrairu, a 1961 wajen 17 ga Fabrairu. Nace wajen don ganin wata kan sa a samu kwana ɗaya ko biyu tsakani. Ahijo ya zama firaminista a Fabrairun 1958, ƙasa ta samu 'yanci 1 ga Janairu 1960, kenan "sunansa ya cika gari" zai iya zama kowace cikin waɗannan, banda 1957 da wuya.

Sai ga abin da ban zata ba. Shekara 65 ta rana kusan daidai take da shekara 67 ta wata, bambancin kwana biyu ne kacal. Azumin bana da za mu kama farkon Maris zai zauna kusan daidai inda na 1960 ya zauna. Ma'ana in Allah ya kai mu tsakiyar azumi zan tsaya a gindin ɗorawa a ƙauyen, a irin ranar da irin watan, in ga abin da Goggo ta gani ko in ga ba shi ba. Ban shirya haka ba, da na fara aikin bara ko baɗi da ban samu wannan dacen ba.

15 Maris 2025

Azumi ya raba. Na tashi bayan asuba da moto don in isa kafin rana ta yi zafi, duk da haka kafin in kai maƙogwaro ya bushe.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Lamba 1 da lamba 3 sun yi ja wur, tuntu na reto ko'ina a bakin dogon tsinke kamar tuntun hular dara, kowanne ya kai dunƙulen hannun yaro, sabon ganye mai laushi ya fara fitowa a bayansu. Lamba 2 da ta riga su ta fara zubarwa, wasu sun zama sanƙo ƙananan 'ya'ya sirara kore sun fito a jiki kamar yatsu. Ƙasa duk jan gari. Kuma ga yara, wallahi ga yara uku mata ƙanana da ba su kai azumi ba, ɗaya da dogon kara tana kaɗowa sauran na tsotsa, bakinsu duk ya yi ja da rawaya. Na kashe moto na zauna a kan saiwa na yi kuka, ban yi irinsa ba ko ranar jana'iza don ranar ina ta karɓar gaisuwa.

Na roƙi yaran suka kaɗo min guda biyar na sa a leda da ɗan ruwa. Na iso Garwa la'asar sakaliya na wuce gun Goggo kai tsaye, tana kan tabarma da carbi. Idonta ya yi rauni yanzu, na sa mata ɗaya a hannu ban ce komai ba. Ta shafa, ta kai hanci, tace "maigida ina ka samo wannan?" nace ƙauye Goggo. Ta juya shi ta taɓa gindin inda zaƙin ke taruwa tace "irin wannan ne, ya buɗe sosai bai fara zuba ba, da safe ake samun ruwan kafin rana ta shanye, jemage ya sha da dare mu mu sha saura." Ta ajiye shi gefe har aka kira magariba, bayan dabino da ruwa ta ɗauka ta tsotsa, tace ba zaƙi ya riga ya bushe, amma ta riƙe shi a cinyarta har na tafi.

Ta ƙara min wani abu da ba ta faɗa ba da, wai kakata da naƙuda ta kama ta tana tankaɗen garin kunun buɗa baki ne, kuma ungozomar ba ta karya azuminta ba sai da ta yanke cibi aka kira salla. Kenan da yamma aka haifi Inna, gab da magariba. Na rubuta da jan bik.

26 Maris 2025

Foto daga ƙauye. Kwana 11 kacal amma ja ya kusa ƙarewa, lamba 1 da 2 duk 'ya'ya ne kore suna tsawo, lamba 3 ce kawai ke da ɗan saura a sama. Tsakiyar azumin 1959 zai faɗo wajen 25 ga Maris, to in itatuwan wancan lokacin irin na bana suka yi, ba za'a ce "ja wur" ba. 1958 kuma farkon Afrilu ne, 1957 na takarda tsakiyar Afrilu, lokacin ɗorawa ta kusa bushewa ma. A ganina waɗannan biyun sun fita, 1959 ta yi rauni. Saura 1960 da 1961.

Ina jan kunnen kaina dai, shekara ɗaya na gani, itace uku. Daminar da ta wuce ruwa ya yi yawa har ya yi ɓarna a Yagwa da Kuseri da Chadi, ƙila ƙasa ta riƙe damshi ya taɓa lokacin furen.

20 Afrilu 2025

Bazara. Zafi ya wuce 40 kusan kullum, kuran na ɗaukewa, a waje muke kwana. Abin da ke sanyaya rai shi ne dogon yaro, tun watan jiya yake fure, ƙanana farare ba ka ma lura da su sai bayan magariba ƙamshi ya cika layi. Na tambayi Goggo wa aka haifa da furen dogon yaro tace ba kowa, "wannan baƙo ne, da girmana na ga ana dasa shi." Gaskiyarta, daga Indiya asalinsa yake, kuma duk yawansa a Garwa da Marwa bai shiga lissafinta ba. Haka filamboyan da ya fara ja yanzu a bakin manyan tituna, shi daga Madagaska, amma shi yaran ajina sun ba shi aiki, suna ganin ya yi ja suke cewa jarabawar CEP ta gama firamare ta matso. Na ba shi shafi, su ma lissafinsu ne.

Marga ta zubo rawayan fure kamar sarƙa a gefen dutse. Mangwaro ya cika kasuwa har yana ruɓa. An fara kaɗe ɗorawa a ƙauye, an aiko min da gari mai rawaya, kalwar kuma matan sun ajiye don daddawa. Kuka ta fara toho alhali ko ɗigo bai sauka ba.

11 Mayu 2025

Shamuwa sun dawo, wannan karon na kama su. Ranar Talata da safe ina hanyar lakwal naga biyu kan kukar bayan makabarta, kafin Juma'a sun kai goma suna ta jidar kara suna gyaran tsohuwar sheƙa. Daga kudancin Afirka suke tasowa, can suke cin damina su biyo ruwa su zo nan su yi ƙwai, ba mai taɓa su ko yaran da ba sa barin kowane tsuntsu da danƙo. Takardata ni a asibiti aka yi ta, ta ce watan Mayu. Goggo ta ci biyu kenan.

An yi ruwan farko mai ma'ana daren Alhamis bayan iska da ƙura da ta kwashe kwanon wasu. Ƙamshin ƙasa, kwaɗi daga ina suka fito oho, shinge ya rufe fitilar masallaci yara na tara shi a kwano da ruwa. Da safe na ga jan ƙwaron nan mai laushi kamar karan-miski da muke ce wa damina muna yara. Goggo tace kar kowa ya yi shuka da wannan, ruwan yaudara ne, a jira na biyu ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya. Kaza da 'ya'yanta ta ɓace daga sama.

15 Yuni 2025

Gawo ya zubar da ganye, ya koma kamar busasshe a tsakiyar kore. Albasar kwaɗi ta yi fure fari da jan layi a bakin kududdufi, kwana kaɗan ta yi ta wuce.

Furen kuka na so in gani yana buɗewa don an ce da magariba yake yi, sai na je da ɗana babba muka zauna. Ƙulli ne kore yana reto a dogon igiya, rana na faɗuwa ya tsage, kafin a idar da salla ya buɗe fari tas ya naɗe leɓɓansa sama, ga wani tuntu a tsakiya. Kana iya ganin motsinsa da ido in ka yi haƙuri. Washegari da rana ya yi ruwan ƙasa ya yanƙwane, dare ɗaya kenan rayuwarsa. Yaron ya tambaye ni shi da wane itace aka haife shi, nace watan Satumba, yace a'a itace yake tambaya. Na kasa, sai da muka je gun Goggo tace "kai ai wuta-wuta ta yi fure a gonar dawa, ana cin ɗanyar gyaɗa." Ta riƙe har na tattaɓa kunne, ni uban ban riƙe ba.

10 Agusta 2025

Na yi sati takwas ban rubuta a nan ba, kayen dai ban fasa ba. Goggo ta kwanta da zazzaɓin sauro, kwana shida a asibiti ana ƙarin ruwa, akwai daren da na ɗauka shikenan. Alhamdulillahi ta tashi amma ta rame. Tun da ta dawo na daina dogara da bik, ina kunna rikoda a waya in ajiye kusa da ita ta yi ta magana, yanzu ina da wajen awa 4. A ciki ta ba ni labarin jiragen ruwa da ke hawowa Binuwai daga Najeriya in kogi ya cika a marka, su yi lodin auduga da gyaɗa a tashar Garwa su juya kafin ruwa ya ja, tace jin ƙahonsu shi ne alamar an shiga tsakiyar damina. Wannan alamar ta mutu, yanzu sai dorina a ƙarƙashin gada.

Marka sosai, kwana uku ba rana. Tafasa ta yi rawayan fure, bado ya rufe tafki, auduga na fure, yau fari-rawaya gobe ya koma ja-ja. Mulufi ya yi jar riga yana tsalle kan gamba.

Wani abu ya ɓata min rai. Gurjiyata an sare ta. An sayar da filin za'a yi gini, na tarar da kututture da rassa an tara za'a yi gawayi. Shafinta ya tsaya a Yuli. Ban yi faɗa da kowa ba, filinsa ne, amma na tsaya a gurin na rasa abin yi. Sai na nemi wata kafin Disamba, kuma a kusa da gari ban san inda wata take ba.

28 Satumba 2025

An koma lakwal. Wuta-wuta ta yi fure shuɗi-ja a gonakin dawa, kyau kamar me amma tana shanye dawar ta saiwa, na nuna wa ɗana nace ga naka. Gero ya nuna, gamba ta fitar da kai, zafin agajeri ya fara. A gawo na ƙasa naga ɗan toho kore a bakin rassa, kenan an kusa zagayowa inda na fara. Kayen saura shafi 30, zan sayi na biyu.

Na so in rubuta 1960 in rufe maganar, har na faɗa wa ƙannena haka. Sai jiya ina sake sauraron rikodin Agusta naji wani guri da ban lura ba, Goggo na cewa ranar sunan Inna da asuba sai da aka hura wuta a tsakar gida mata na jin ɗumi kafin a raɗa suna. Na koma na tambaye ta, tace "ƙwarai, har mayafin kakarka na ara." To in 1960 ce suna zai faɗo wajen 20 ga Maris, kuma bana a wannan lokacin ko da asuba ba mai neman wuta, gumi muke. In 1961 ce suna wajen 10 ga Maris ne, an fi kusa da jelar hunturu, haihuwar kuma farkon Maris, lokacin da bana lamba 2 ce kaɗai ta buɗe sosai lamba 1 na biye.

Azumin 2026 zai kama wajen 18 ga Fabrairu, kusan daidai da na 1961. Don haka in Allah ya kai mu zan sake komawa ƙauye in azumi ya raba, kuma wannan karon zan kwana can har sati ya zagayo in ji asubar da jikina. Na ƙara layi na huɗu a shafin ɗorawa, sanyin asuba, na sa abokina mai shagon magani ya nemo min ma'aunin zafi na bango in kai wa yaron ƙauye ya riƙa dubawa bayan sallar asuba daga farkon Fabrairu. Na kuma ce ya sa wa wasu ɗorawa biyu lamba, 4 da 5, ta gefen rafi. Goggo tace in zan tafi in tafi da ita a mota ta ga gurin, Kawu ya ce shi zai kai mu.